Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Kafuwar Kiɗan Fada

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da ƙarar kakaki ta tashi a cikin birnin Kano, ba sai an yi tambaya ba, an san Sarki ne ya fito. Yaro da babba, ɗan gari da baƙo, kowa ya san cewa wannan busa an keɓe ta ne ga sarauta, kuma komai dukiyar mutum ba ya sa a yi masa ita a ƙofar gidansa. Wannan fahimta da ta zauna a zukatan Kanawa tana da mafari, kuma tarihi ya jingina mafarin nata ga mutum ɗaya, wato Muhammadu Rumfa, sarki na 20 a jerin sarakunan Kano idan aka faro daga Bagauda.

Wannan babi zai kawo tarihin rayuwar Rumfa, tare da mayar da hankali a kan rawar da ya taka wajen kafuwar kiɗan fada. Abin da ake son ɗalibi ya fahimta shi ne, a hannun Rumfa ne kiɗa da busa suka zama wani sashe na tsarin mulki, kamar yadda majalisa da kasuwa da ganuwa suke sassan mulki. Wanda bai gane wannan ba, zai riƙa yi wa makaɗan fada kallon masu nishaɗantarwa kawai, alhali kuwa aikinsu ya wuce nan.

2.0 Madogarar Tarihinsa

Mafi yawan abin da aka sani game da Rumfa ya fito ne daga littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Littafin ya faro daga zamanin Barbushe, ya biyo sarakuna ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan Sarkin Kano Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, sannan fassararsa ta Hausa ta fito a cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Shekarun mulkin sarakuna da ake amfani da su a yau an lissafo su ne daga adadin shekarun da littafin ya ba kowane sarki.

Akwai wani abin lura game da wannan littafi. Kusan kowane sarki da aka ambata a cikinsa an haɗo shi da kirarinsa, wani lokaci ma har da kirarin jarumawansa. Kirari kuwa ba a cikin takarda yake rayuwa ba, a bakin maroƙa da makaɗa yake, suna miƙa shi daga uba zuwa ɗa. Ke nan, wani kaso mai yawa na abin da marubucin ya tattara, daga taskar makaɗan fada ya samo asali.

3.0 Asalinsa da Kanon da Ya Taso a Cikinta

Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne (1452–1463), shi kuma Yakubu ɗan Sarki Abdullahi Burja ne (1438–1452). Sunan mahaifiyarsa Faɗimatu, mutuniyar Rano. Saboda haka ta wajen uba ya gaji gidan Bagauda, ta wajen uwa kuma ya haɗa jini da ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan Hausa Bakwai.

Rumfa ya buɗi ido ne a lokacin da Kano take sauya kama. Tun a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, aka naɗa liman da ladan. A zamanin kakansa Abdullahi Burja aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, goro ya fara yawaita, raƙuma suka shigo hannun sarakuna. A zamanin mahaifinsa kuma Fulani malamai suka iso daga Mali ɗauke da littattafan tauhidi da na lugga, gishirin Asbin ya wadata, Barebari da Larabawa suka riƙa zuwa suna zama. Wato dai ɗan sarkin ya girma yana ganin baƙi daga gabas da yamma da arewa, yana jin labarin yadda manyan sarakunan Barno da Mali da na ƙasashen Larabawa suke tafiyar da fadojinsu. Kanawa suna danganta Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, da zaman Rumfa kafin ya tare a sabuwar fadarsa.

4.0 Hawansa Sarauta da Sauye-sauyen da Ya Kawo

Rumfa ya hau gadon sarauta a 1463, bayan mahaifinsa. Littafin tarihin Kano ya siffanta shi da nagarta da adalci da ilimi, ya kuma lasafta masa sababbin abubuwa 12 da ya ƙago. Daga cikinsu akwai gina fada wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, da faɗaɗa ganuwar birni, da kafa Kasuwar Kurmi a kusa da Jakara. Shi ne ya kafa majalisar manyan masu sarauta da ake kira Tara ta Kano. Shi ne ya fara ba babanni muƙaman mulki, ciki har da riƙon baitulmali. A zamaninsa aka fara yin sallar Idi a Kano, a wani wuri da ake kira Shadakoko. Haka kuma shi ya fara fita da dawakin zage, a yaƙin da ya yi da Katsina, wanda aka shekara 11 ana gwabzawa ba tare da wani ya rinjayi wani ba. Daga nan sai littafin ya ambaci abubuwa uku a jere, ya ce shi ya fara mallakarsu: kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina.

Idan aka dubi waɗannan abubuwa da idon basira, za a ga cewa manufa ɗaya ta ɗinke su. Kafin Rumfa, Sarkin Kano yana zaune ne a tsakiyar manyan gari masu ƙarfi, waɗanda wasunsu suke da dakaru da bayi kusan kamar nasa. Rumfa ya janye fada daga cikin tsofaffin unguwanni na kusa da Dala, ya kai ta sabon fili a kudu, ya kewaye ta da katanga. Ya tattara ciniki a kasuwa ɗaya da yake iya sa wa ido. Ya ɗora amanar dukiya a kan babanni, waɗanda ba su da 'ya'yan da za su gadar wa muƙami. Ya kuma ware wa kansa wasu alamomi da babu mai tarayya da shi a cikinsu. Figini da takalmin gashin jimina suna shaida wa ido cewa wannan shi ne Sarki, amma sai wanda yake kusa ne zai gan su. Kakaki kuwa yana shaida wa kunne, yana tsallake katanga, ya kai ga mace a cikin gida da makaho a bakin hanya da fatake a zango.

Ya kamata a ambata cewa ba dukkan abubuwan da Rumfa ya ƙago ne suka zama alheri ga talakawa ba. Littafin da ya yabe shi, shi ne kuma ya faɗi cewa shi ya fara al'adar kame, inda ake ɗebo 'yan mata daga wasu gidajen bayin sarki a kai su fada, har aka ce ya tara mata 1,000. Shi ne kuma ya fara kulle. Girman fada yana da tsada, kuma wani ne yake biyan kuɗin.

5.0 Rumfa da Shaihu Magili

A wajen 1492, wani babban malami mutumin Tilmisan, a ƙasar Aljeriya ta yau, mai suna Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, ya iso Kano bayan ya baro Tuwat ya ratso ta Asbin. Rumfa ya karɓe shi hannu biyu-biyu. A wannan zamani ne aka sare wata itaciya da ake tsafi a gindinta, aka gina masallacin Juma'a da hasumiya a wurin. Zuriyar da ake dangantawa da malamin tana nan a unguwar Sharifai, kuma shugabanta yana riƙe da sarautar Sidi Fari. Daga Kano Magili ya wuce Gawo, wajen Askiya Muhammadu na Songhai.

Magili ya rubuta wa Rumfa wani ɗan littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, mai suna Tajuddini, mai babi 8. Abubuwa biyu daga cikinsa sun shafi batun wannan babi. Na farko, ya ware babi guda a kan kyautata kama, inda ya nuna wajibi ne sarki ya fito da kwarjini a sutura da zama da magana, don kada a raina mulki. Na biyu, ya yi ta nanata gargaɗin cewa tushen kowace musiba shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Waɗannan umarni biyu suna jan sarki ta fuskoki mabambanta: ɗaya yana son ya ɗaukaka, ɗayan yana son ya kusanto. Sabuwar fadar Rumfa, da katangarta da zaurukanta da babanninta, ta biya buƙata ta farko, amma tana iya cutar da ta biyu. A nan ne amfanin kiɗan fada ya fito fili. Busa tana ƙara wa sarki kwarjini, sannan ita ce take sanar da jama'a cewa ya fito, yana zaune, ana iya kai gaisuwa ko ƙara. Da wannan za a fahimci yadda sarki ɗaya ya rungumi malami mai tsanani irin Magili, ya kuma riƙe mabusa a ƙofar gidansa.

6.0 Kakaki da Kiɗan Fada

6.1 Kiɗan Sarauta Kafin Rumfa

Ba Rumfa ne ya fara kawo kiɗa fada ba. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa tun a zamanin Sarki Tsamiya (1307–1343) aka fara busa dogayen ƙahoni, kuma suna da taken da suke yi wa birnin. A zamanin Sarki Dauda (1421–1438) kuma wani ɗan sarki daga Barno, wanda aka sani da laƙabin Dagaci, ya zo Kano da jama'a masu yawa da malamai, tare da tambura da kayan busa na sarauta da tutoci da bindigogi. Sarki ya sauke shi, ya ba shi mazauni.

Wannan labari yana haska ma'anar abin da Rumfa ya yi. Shekaru da dama kafin hawansa, akwai wani gida a Kano, na baƙon ɗan sarki, da yake da kayan alfarma irin na manyan dauloli. Da Rumfa ya ɗauki kakaki ya mayar da shi nasa, ya nuna ke nan cewa Sarkin Kano ya kai matsayin waɗancan sarakuna, kuma a cikin birninsa muryarsa ce a sama. Abin da ya faru bayan rasuwarsa ya ƙarfafa wannan fahimta, domin mai riƙe da sarautar Dagaci ya yi yunƙurin tawaye, har sai da aka tuɓe shi aka ba wani bawan sarki muƙamin.

Ba a Kano kaɗai ake wannan ba. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci Mali a 1352, ya ba da labarin yadda ake fito da Mansa Sulaimanu da ganguna da ƙahonin hauren giwa, mawaƙa kuma suna tsayawa a gabansa suna tuna masa ayyukan magabatansa. Tarihin Songhai ya ambaci shigar kakaki fadar Askiya Muhammadu bayan yaƙinsa da Asbin a wajen 1500, wato jim kaɗan bayan zamanin Rumfa. Dogon abin busa na ƙarfe irin wannan sananne ne a fadojin Arewacin Afirka, inda ake kiran sa nafir, kuma hanyoyin fatauci na Sahara su ne suka haɗa waɗannan ƙasashe.

6.2 Siffar Kakaki da Aikinsa

Kakaki dogon bututu ne na ƙarfe, wanda maƙeran fari suke ƙerawa da tagulla ko farin ƙarfe. Tsawonsa yakan kai mita 2 zuwa 3, wani ma ya zarce. Gaɓa biyu gare shi da ake harhaɗawa idan za a yi busa, a kuma raba su idan an gama. Bakin da ake hurawa siriri ne, ƙarshensa kuwa buɗaɗɗe. Ba shi da ramukan da ake toshewa da yatsu kamar algaita ko sarewa, saboda haka mabushi da leɓɓansa da ƙarfin numfashinsa kawai yake sarrafa shi. Muryoyin da yake fitarwa a mafi yawan lokaci biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ba a cika busa shi shi kaɗai ba. Mabusa sukan jeru, babba ya ja, saura su amsa.

Ana busa kakaki idan sarki zai hau, da lokacin da yake tafiya, da sa'ad da ya sauka. Ana busa shi a bukukuwan Salla da naɗin sarauta da tarbar babban baƙo, a da kuma har da fagen fama. A masarautu da dama akwai al'adar sara, inda makaɗa da mabusa suke taruwa a ƙofar fada ranar Alhamis da dare, jajiberin Juma'a, su jaddada wa gari cewa mulki yana nan daram.

6.3 Kakaki da Karin Sautin Hausa

Mai karatu zai iya tambaya, yaya abin da yake da murya biyu kacal zai isar da saƙo? Amsar tana cikin tsarin harshen Hausa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma ginshiƙan karin nata biyu ne, wato karin sama da karin ƙasa, sai kuma faɗau wanda yake haɗakar biyun ne a gaɓa ɗaya. Da karin sauti ake bambanta kuka na hawaye, mai karin sama-sama, da kuka itaciya, mai karin sama-ƙasa. Kalmar Kano tana da karin sama-ƙasa. Bugu da ƙari, Hausa tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi.

Idan mabushi ya bi hawa da saukar karin wata jimla, ya kuma kiyaye tsawon gaɓoɓinta, to Bahaushen da ya riga ya san jimlar zai ji ta a cikin busar, ko da ba a furta baƙi ko wasali ko ɗaya ba. Wannan shi ne sirrin take, wato gajeren kiɗa ko busa da ake keɓe wa wani mutum ko wata sarauta. Sharaɗin kawai shi ne mai sauraro ya san kalmomin tun da farko, shi ya sa take ba ya yawan sauyawa, kuma shi ya sa yake daɗewa fiye da wanda aka yi wa shi. Ta wannan hanya kakaki ya dace da bakin Hausawa, har ya zama kamar a nan aka ƙago shi.

6.4 Sauran Kayan Kiɗan Fada da Masu Riƙe da Su

Kakaki yana da abokan tafiya. Akwai tambari, babbar ganga mai baki ɗaya wadda ake bugawa idan an naɗa sabon sarki da kuma lokutan Salla, kuma ita ce mafi girman daraja a cikin gangunan sarauta. Akwai algaita, wadda sunanta ya fito daga Larabci, da farai na itace, da ƙaho, da gangar fada. Waɗannan su ne kayan sanarwa da rakiya. Sai kuma kayan da ake rera waƙar yabo da su, irin su kotso da taushi da jauje da banga.

Kowane rukuni yana da shugabansa mai rawani, kamar Sarkin Kakaki da Sarkin Busa da Sarkin Tambari da Sarkin Kotso, ga kuma Sanƙira mai kirari da zabiyoyi a cikin gida. Sana'ar gado ce, sarki ne yake ɗaukar nauyin ci da sha da sutura da doki na masu ita, su kuma ba sa yi wa kowa kiɗa sai da izninsa. Wannan tsari bai kammalu a rana ɗaya ba, amma harsashinsa shi ne abin da Rumfa ya kafa, wato keɓe wani sauti ga gadon sarauta.

7.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Rumfa ya rasu a 1499, bayan ya yi shekara 37 a kan mulki bisa lissafin Hijira. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi (1499–1509). Matarsa Auwa, mahaifiyar Abdullahi, ta zama mace mai faɗa a ji, kuma ita ce ta kwantar da fitinar Dagaci lokacin da ɗanta ya fita yaƙi. Jikansa Muhammadu Kisoki ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565. Kirarin da maroƙa suka bar wa Rumfa ya kamanta shi da Balarabe, abin da yake nuna yadda mutanen zamaninsa suka ga sabon salon fadarsa.

7.1 Bunƙasar Kiɗan Fada a Ƙarni na 17 da na 18

Abin da Rumfa ya shuka ya yi rassa. An ruwaito cewa Sarki Muhammadu Kutumbi (1623–1648), idan zai fita yaƙi ko hawan Salla, dawakin zage 100 ne suke bin sa, a gabansa kuma ga ganga 40 da kakaki 25 da tambari 50. Wannan adadi yana nuna cewa makaɗa sun zama runduna guda a cikin fada, mai buƙatar gidaje da dawaki da abinci.

A ƙarni na 18 alfarmar fada ta ci gaba da ƙaruwa, nauyinta kuma yana sauka a kan talakawa. Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) ya ƙago sababbin hanyoyin karɓar haraji. Kumbari (1731–1743) ya matsa wa Kasuwar Kurmi da kuɗin shiga har ta kusa mutuwa, Larabawa suka koma Katsina, ya kuma aza wa malamai haraji. Babba Zaki (1768–1776) ya kafa dogarai masu bindiga, ya riƙa kwaikwayon Larabawa a yawancin al'amuransa.

Irin wannan ɗabi'a ta nuna ƙarfin mulki da sauti ba ta tsaya ga Afirka ba. A wannan ƙarni ne sarakunan Rasha suka riƙa ɗauko gwanayen kiɗa daga Italiya da albashi mai tsoka, musamman a zamanin Sarauniya Katarina (1762–1796). A 1751 kuma aka ƙago wata ƙungiyar busa a can, inda barori da dama suke jeruwa da ƙahonin ƙarfe masu tsawo daban-daban, kowane mutum murya ɗaya tak yake fitarwa, sai an haɗa su duka waƙa take tashi. Ba mai iya tara irin wannan ƙungiya sai wanda ya mallaki mutane. A Rasha da Kano duka, yawan mabusa ma'auni ne na yawan waɗanda suke ƙarƙashin mai gida.

7.2 Jihadi da Makomar Kakaki

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi a 1804, kiɗan fada yana cikin abubuwan da aka tuhumi sarakunan Hausa da su. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya soki shagaltuwarsu da kaɗe-kaɗe dare da rana ba tare da wata manufa ta shari'a ba. Sai dai ya bar ƙofa a buɗe, domin ya halatta buga tambari da makamantansa don tara runduna, ko sanar da tashinta da saukarta, ko shelar zuwan Idi.

Kano ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, aka kashe Sarki Alwali a Burumburum. A wannan tsakani ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Kano na ɗan lokaci, ya karantar da tafsiri, ya rubuta Liya'ul Hukkami. Ya ba da labari da kansa cewa mutanen gari sun farfasa kayan kiɗan da ya tarar da su, suka mayar da itacen gangunansu komayen zuba wa dawaki abinci. Hatta Gidan Rumfa sai da aka yi jayayya a kan shigarsa, domin da farko jama'a sun hana Sarki Sulaimanu (1807–1819) tarewa a cikinsa, sai daga baya da aka sami iznin Shehu.

Duk da haka, kakaki bai mutu ba. Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) ya hau mulki ya tarar da tawaye ta ko'ina, ya ga cewa ƙasa mai faɗin Kano ba ta riƙuwa sai da tsari da kwarjini. Da yardar Sakkwato ya farfaɗo da sarautu da alamomin mulki na da. Sannu a hankali zuriyarsa ta gaji gidan Rumfa da takalminsa da figininsa da kakakinsa. Abin da ya ceci waɗannan kaya shi ne aikinsu na sanarwa, wato ainihin dalilin da ya sa aka shigo da su tun farko. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano a cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye, kuma busa da kiɗan fada suna cikin ginshiƙan wannan hawa.

8.0 Muhimmancin Wannan Tarihi ga Malamin Hausa

Malamin da zai koyar da waƙoƙin makaɗan fada na ƙarni na 20, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, yana buƙatar ya san cewa waɗannan mutane magada ne na wata hukuma mai shekaru fiye da 500. Jero asalin sarki da suke yi, da zuga shi, da yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici, duk ayyuka ne na tsare gadon sarauta.

Haka kuma wajibi ne malami ya koya wa ɗalibansa yadda ake auna irin wannan madogara. Makaɗin fada ma'ajin tarihi ne, domin ba don shi ba da sunaye da yawa sun ɓace. Amma kuma bara ne, kuma bara ba ya tona asirin ubangidansa. Kirari zai faɗi garuruwan da sarki ya ci, ba zai faɗi harajin da ya kashe kasuwa ba, ba zai kuma ambaci sunan yarinyar da aka kamo daga gidan iyayenta ba. Saboda haka a karɓi abin da makaɗi ya adana, a kuma nemi abin da ya tsallake a wasu wurare.

Ta fuskar harshe ma akwai abin koyo. A Hausar yau, mutumin da yake magana da yawun wata hukuma ana kiran sa kakakinta, shugaban majalisar dokoki ma ana ce da shi Kakakin Majalisa. Wannan faɗaɗar ma'ana ba ta zo da ka ba. Hausawa sun daɗe da sanin cewa kakaki baki ne da mulki yake magana da shi, shi ya sa da sabon tsarin mulki ya zo, suka ɗauki tsohuwar kalmar suka ba sabon muƙami.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Muhammadu Rumfa ya taso a Kano mai cike da baƙi da fatauci, ya hau mulki a 1463, ya gina fada da kasuwa da majalisa, ya jawo malamai, ya kuma keɓe wa sarauta sautinta. An ga yadda kakaki ya dace da karin sautin Hausa, da yadda kiɗan fada ya bunƙasa har ya zama nauyi a ƙarni na 18, da yadda jihadi ya rushe shi sannan buƙatar mulki ta dawo da shi. Sunan Rumfa yana nan a kan fadar Kano da kuma Kwalejin Rumfa, kayan da ya shigo da su kuma suna nan a hannun mabusan da suka gaje su daga iyaye da kakanni.

Tambayoyin Bita

1. Kawo abubuwa 6 daga cikin waɗanda Rumfa ya ƙago, sannan ka bayyana manufar da ta haɗa su.
2. Yi bayanin dangantakar da take tsakanin busar kakaki da karin sautin Hausa, tare da misalai 3 na kalmomi daga karin harshenka.
3. Mene ne matsayin shugabannin jihadi game da kiɗan fada, kuma me ya sa kakaki ya dawo fadar Kano?
4. Tattauna amfani da kuma raunin kirari a matsayin madogarar tarihi.
5. Ziyarci fadar sarki ko hakimin da yake kusa da kai, ka rubuto sunayen kayan kiɗa da busa da ake amfani da su, da sarautun masu riƙe da su, da lokutan da ake kaɗa su.